Marigayi Dakta Bala Usman da iyakar ikon majalisa

Duk lokacin da wata majalisar jiha ta zare takobin tsige gwamna, Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ne ke faɗo mini a rai. An haife shi a Musawa a 1945, jikan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne, amma ya zaɓi alli da allo. Ya yi karatu a Lankasta ta Ingila, ya koyar a Kwalejin Barewa, sannan ya zama jigo a sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

A 1975 Janar Murtala ya sa shi cikin kwamitin tsara kundin tsarin mulki ƙarƙashin Rotimi Williams. Shi da Segun Osoba suka ƙi amincewa da daftarin, suka rubuta nasu rahoton, domin a ganinsu an kare masu hannu da shuni, an bar haƙƙin talaka na ilimi da lafiya ba tare da kotu na iya tilasta shi ba. Sojoji suka yi watsi da rahoton.

Kundin 1979 ya rabu da al'adar Ingila, inda babu dokar da ta fi ƙarfin majalisa. A nan kundin ne sama da kowa. Sai dai sashe na 170 ya hana kotu sa baki a batun tsige gwamna, kuma a Kaduna aka fara ganin illar hakan. Jama'ar jihar, daga Makarfi da Ikara har Daura, sun zaɓi Balarabe Musa na PRP, amma NPN ke da rinjaye a majalisa. Ta yi ta fatali da sunayen kwamishinoninsa, ta kuma tsige shi ranar 23 ga Yuni, 1981. Kotu ta ce hannunta a ɗaure yake. Dakta Bala, wanda ya riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin Jihar a mulkin PRP, ganau ne ba jiyau ba. A nawa ganin, ranar nan ƙuri'ar jiha guda aka soke a zaure ɗaya.

Ya koma Zariya ya ci gaba da koyarwa da rubutu har Allah Ya yi masa rasuwa ranar 24 ga Satumba, 2005. Bai ga hukuncin Kotun Ƙoli na ƙarshen 2006 ba, wanda ya mayar da Gwamna Rashidi Ladoja na Oyo kan kujerarsa, bisa hujjar cewa majalisar da ta tsallake matakan da kundi ya shimfiɗa ba ta da mafaka daga kotu.