Nero

Nero (15 ga Disamba, 37 – 9 ga Yuni, 68 miladiyya) shi ne sarki na biyar a Daular Rum. Ya yi mulki daga shekarar 54 zuwa 68. An san shi da kisan mahaifiyarsa da gobarar birnin Rum, amma masana tarihin kuɗi suna sanya sulallan tagullarsa cikin mafi kyau da daular ta buga.

Farkon rayuwa

An haife shi a garin Antium, sunansa na yanka Lucius Domitius Ahenobarbus. Mahaifiyarsa Agrippina ta auri Sarki Claudius, wanda ya mayar da shi ɗansa a shekarar 50. Ya hau gadon sarauta yana da shekara 16, malaminsa Seneca yana ba shi shawara. A shekarar 59 ya sa aka kashe Agrippina.

Kuɗin tagulla

A shekarar 64, wadda gobara ta cinye yawancin unguwannin Rum, Nero ya rage nauyin kuɗin zinariya da na azurfa. A wannan tsakanin ne aka shiga buga na tagulla da yawa a Rum da Lugdunum, wato Lyon ta Faransa a yau. Su ne kuɗin cefanen talakawa. Sestertius ɗaya daidai yake da as huɗu, dupondius kuma as biyu. A kan dupondius ana yi wa sarkin kambi mai kama da hasken rana don a bambanta shi da as.

Mafi yawan talakawan daular ba su taɓa ganin sarki ba, a jikin kuɗi suka san fuskarsa da abin da yake so a yaba masa. An zana tashar Ostia cike da jiragen ruwa, alamar hatsi ba zai yanke wa birnin ba. An zana haikalin Janus ƙofofinsa a rufe, alamar yaƙi ya ƙare bayan sulhu da Fartiyawa kan ƙasar Armeniya. Akwai kuma babbar kasuwar da ya gina, da hotonsa a siffar gunki Apollo yana kiɗa, abin da manyan Rum suke gani zubar da girma ne ga sarki.

Mutuwa

A shekarar 68 gwamnoni Vindex da Galba suka yi tawaye, majalisar dattawa ta ayyana shi maƙiyin ƙasa. Ya gudu bayan gari ya kashe kansa yana da shekara 30, sarauta ta bar gidan Augustus. An ci gaba da ciniki da kuɗinsa, ko da yake an buga wa wasu sabon hatimi a kan hotonsa.