Charles Kettering, mutumin da ya raba direbobi da manibel

Duk wanda ya murɗa makullin mota da safe injin ya tashi, yana cin moriyar aikin Charles Kettering ne. An haife shi ranar 29 ga Agusta 1876 a wata gona kusa da Loudonville, jihar Ohio ta Amurka. Ciwon ido ya sha katse masa karatu, har ya yi koyarwa da aikin jan wayar tarho, kafin ya kammala karatun injiniyan lantarki a 1904.

A wancan zamani da hannu ake tada mota. Mutum ya tsaya a gabanta yana juya ƙarfen manibel, in injin ya yi tutsu ƙarfen ya dawo da ƙarfi ya karya hannu ko muƙamuƙi. Irin wannan haɗari ya sa shugaban kamfanin Cadillac, Henry Leland, neman mafita.

Injiniyoyi da dama na ganin motar lantarkin da za ta iya juya injin ta cika girma da nauyi. Kettering kuwa ya taɓa saka wa na'urar lissafin kuɗi ƙaramar motar lantarki a kamfanin NCR. A can ya gane cewa ƙaramar na'ura na iya ba da ƙarfi mai yawa, muddin na ƴan daƙiƙoƙi ne. Da wannan dabara kamfaninsa Delco ya ƙera demarer, aka fara sayar da Cadillac mai ɗauke da shi a 1912. Tsarin na amfani da volt 24 wajen tada injin, sannan ya koma volt 6 don fitilu da cajin batir.

Daga baya volt 6 ya zama ruwan dare, sai da injina suka ƙara ƙarfi aka koma volt 12 a shekarun 1950. Shi ya sa makaniken da ke maida tsohuwar mota kan volt 12 yakan canza batir da dinamo da ƙwayayen fitila, amma sau da yawa ya bar tsohon demarer, tunda aikinsa na ɗan lokaci ne.

Kettering ya jagoranci sashen bincike na General Motors daga 1920 zuwa 1947. Sai dai a ƙarƙashinsa ne aka fito da fetur mai dalma, wanda ya gurɓata iska ya cutar da ƙwaƙwalwar yara, ba a kuma daina sayar da shi ga motoci a duniya ba sai 2021. Ya rasu a Dayton ranar 25 ga Nuwamba 1958.