Fritz Zwicky: Mutumin da Ya Auna Abin da Ido Ba Ya Gani

An haifi Fritz Zwicky ran 14 ga Fabrairu, 1898, a birnin Varna na ƙasar Bulgeriya, inda mahaifinsa, ɗan ƙasar Suwizalan, yake kasuwanci. Yana ɗan shekara shida aka kai shi wurin kakanninsa a lardin Glarus na Suwizalan don ya yi karatu. Ya nazarci lissafi da kimiyyar fiziks a babbar makarantar fasaha ta birnin Zurik, ya sami digirin digirgir a 1922. A 1925 ya ƙaura zuwa Cibiyar Fasaha ta Kalifoniya da ke Amurka, kuma a can ya ƙare rayuwarsa ta aiki.

Aikin da ya fi shahara da shi ya shafi garkunan taurari. Garke guda yakan ƙunshi biliyoyin taurari, su kuma garkunan sukan taru su zama gungu. A 1933 Zwicky ya nazarci gungun da ake kira Koma, mai garkuna sama da dubu. Hanya biyu ya bi wajen ƙiyasta nauyinsa. Ta farko ita ce duba yawan hasken da garkunan ke fitarwa, domin a san nauyin taurarin da ke haskawa. Ta biyu kuwa ita ce duba saurin tafiyar garkunan, wanda ake ganewa daga yadda launin haskensu ke sauyawa. Kamar yadda dutse a cikin majajjawa ke bukatar igiya mai ƙwari idan aka tsananta juya shi, haka garkunan da ke gudu da sauri ke bukatar ƙarfin ja mai yawa kafin su zauna wuri guda. Shi kuwa ƙarfin ja daga nauyi yake zuwa.

Da ya gwama sakamakon biyu, sai ya ga sun yi hannun riga. Garkunan na gudun kimanin kilomita 1,000 a sakan guda, alhali nauyin taurarin da ake gani bai isa ya riƙe su ba. A lissafinsa, nauyin da ake bukata ya ninka na bayyane kusan sau 400. Don haka ya yanke cewa akwai wani abu mai nauyi da ba ya fitar da haske, ya kuma raɗa masa suna da Jamusanci mai ma'anar baƙin abu. Daga baya an gano adadin ya yi yawa, saboda a lokacin ba a san nisan garkunan daidai ba, amma giɓin da ya hango bai gushe ba.

Masana sun yi shekaru kusan 40 ba su ba maganar muhimmanci ba. Wasu na ganin kaifin harshensa da yawan saɓaninsa da abokan aiki sun taimaka wajen haka. Duk da haka bai saduda ba. A 1934 shi da Walter Baade suka bayyana yadda manyan taurari ke fashewa a ƙarshen rayuwarsu, shi kaɗai kuma ya gano irin wannan fashewa sama da 120. A 1937 ya nuna cewa nauyin garke na iya lanƙwasa hasken da ya ratsa ta kusa da shi, ta haka kuma za a iya auna shi. Sai a 1979 aka ga misalin farko na hakan.

Zwicky ya rasu ran 8 ga Fabrairu, 1974, a Pasadena, aka binne shi a Suwizalan. A cikin shekarun 1970 ne binciken Vera Rubin da Kent Ford kan juyawar garkuna ya ƙarfafa ra'ayinsa. A yau masana na ƙiyasta cewa baƙin abu ya ninka abin da ake gani kusan sau biyar, kuma har yanzu ana neman sanin ko mene ne shi.