Samuel Ajayi Crowther: Yaron da Aka Sayar, Ya Zama Bishop

An haifi Ajayi wajen shekara ta 1809 a garin Osogun, cikin ƙasar Yarabawa. A 1821, lokacin yaƙe-yaƙen da suka wargaza daular Oyo, mahara suka faɗa wa garin, suka ƙone shi, suka kama shi tare da mahaifiyarsa da ƙannensa. Bai ƙara ganin mahaifinsa ba. Ba a daɗe ba aka raba shi da mahaifiyar, aka yi ta cinikinsa daga hannu zuwa hannu, har aka taɓa musanya shi da doki.

Da ya gane cewa Turawan Fotugal za a sayar wa shi, sai ya fid da rai. Daga baya shi da kansa ya rubuta cewa ya yi ƙoƙarin shaƙe kansa, amma ya kasa. A watan Afrilu na 1822 aka sa shi cikin jirgin bayi a Legas. Jirgin bai yi nisa ba, sai jiragen yaƙin Ingila masu hana fataucin bayi suka tare shi. Da farko Ajayi ya ji tsoron masu cetonsa, gama wahala ta koya masa kada ya amince da kowa.

Aka sauke shi a Firitawun ta Saliyo, ba uwa, ba uba, ba garin da zai koma. A cikin wannan maraici ne ya ji bishara daga bakin ma'aikatan mishan na CMS. Labarin Allah wanda yake neman ɓatacce ya sami wuri a zuciyar da ba ta da sauran abin dogara. Ya koyi karatu da sauri, aka yi masa baftisma ranar 11 ga Disamba, 1825, ya ɗauki sunan Samuel Crowther. Daga baya ya riƙa duban ranar da aka kama shi a matsayin ranar baƙin ciki wadda Ubangiji ya juyar ta zama albarka, kamar yadda ya faru da Yusufu a Masar.

Yana cikin ɗaliban farko na Kwalejin Fourah Bay a 1827. A 1841 ya bi tawagar da ta hau kogin Kwara tare da J. F. Schön, wanda ya yi nazarin harshen Hausa. Aka naɗa shi limamin ikkilisiya a 1843. A Abeokuta, cikin 1846, ya sadu da mahaifiyarsa bayan rabuwar shekara 25, ita ma ta karɓi baftisma. Ya jagoranci fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci, ya kafa aikin bishara a Onitsha da Lokoja. A 1864 aka keɓe shi a Kantabari, ya zama baƙar fata na farko da ya zama bishop a Ikkilisiyar Anglikan.

Wahala ba ta rabu da shi ba. A ƙarshen rayuwarsa waɗansu matasan Turawan mishan suka raina aikinsa, suka dakatar da abokan hidimarsa. Ya jimre, bai rama ba, har ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba, 1891.

Bauta mugunta ce, ba abin yabo a cikinta. Amma a inda bege ya ƙare wa Ajayi, nan Almasihu ya same shi. Iyalin da ke cikin ƙunci yau su riƙe wannan, su kuma tuna da maraya da baƙon da ke ƙofarsu.