Thaddeus Stevens: Baƙon da Ya Tsaya wa Marasa Gata

Jama'a, a wannan fitowa za mu leƙa Amurka ne, mu ji tarihin wani lauya mai suna Thaddeus Stevens. An haife shi a 1792 a jihar Vermont, a gidan talakawa, da nakasa a ƙafa. Uban ya gudu ya bar su, uwar ce ta yi ta fama har yaron ya samu ilmi.

Neman abinci ya kai shi jihar Pennsylvania, inda ya fara aikin lauya a garin Gettysburg a 1816. Baƙo ne fa, amma mutanen wurin suka zaɓe shi majalisar jiha a 1833. A 1835 'yan majalisar suka tashi soke dokar makarantun kyauta. Jawabinsa ne ya juya kansu, dokar ta tsira.

Da ya je majalisar tarayya, sai ya sa masu bautar da baƙar fata a gaba, har aka haramta bauta a 1865. Shi ne kuma ya jagoranci gyara na 14 ga tsarin mulki a majalisar wakilai. Gyaran ya fara aiki a 1868, ya tabbatar da cewa wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne, ba a tambayar asalin kakansa. Mu da aka yanke wa cibiya a Keffi mun san nauyin wannan magana.

Ya mutu a 1868. Bisa zaɓinsa, aka binne shi a Lancaster, a maƙabartar da ba ta ware fari da baƙi.