Modibbo Buba Yero, Sarkin Gombe Na Farko

A wannan fitowa filin tarihin magabata ya sauka a kan Modibbo Buba Yero. Da yawa daga cikinmu mazauna Dawaki mun san sunan ne kawai a jikin allon firamaren Bubayero, ko a bakin maroƙa ranar hawan salla. Yaranmu kuwa masu tonon tarihi a intanet sukan taho gida da tambayar da ba kowane uba ke iya amsawa ba: su wa kakanninmu suka tarar a ƙasar nan sa'ad da suka zo daga Kano da Katsina da Zazzau? Rabin amsar na cikin rayuwar wannan bawan Allah.

Sunansa na yanka Abubakar, Buba kuwa yadda Fulani ke taƙaita sunan ke nan. An haife shi wajejen 1762 a yankin Shelleng, gefen kogin Gongola, cikin jihar Adamawa ta yau. Mahaifinsa Usman Bafillace ne, amma riwayar baka ta nuna mahaifiyarsa 'yar sarkin Shelleng ce, daga ƙabilar Kanakuru, masu kiran kansu Dera. Ka ga ke nan ta wajen uba baƙo ne, ta wajen uwa kuma ɗan gida. Masu son raba jama'a gida biyu, wai ga 'yan asali ga 'yan ci-rani, da wuya su san inda za su ajiye shi.

Yana saurayi ya kama hanyar Barno neman ilimi. Riwaya ta ce a hanya Karekare suka kama shi, ya yi shekara uku yana bauta a wajen Potiskum kafin ya kuɓuta. Daga baya ya nausa yamma har Degel, ya durƙusa gaban Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi karatu. Da jihadi ya tashi a 1804, yana cikin waɗanda aka ba tuta.

To, ƙasar da ya komo da tutar nan ba fili ba ce. A arewa akwai Bolewa da garuruwansu masu ganuwa, babbansu Kalam. Ta gabas, bin kogi, Terawa ne a irin su Deba da Gwani da Hinna. Jukunawa na mulki a Pindiga. Can kudu cikin duwatsu ga Tangale da Tula da Waja da Dadiya da Cham, kowa da harshensa da manyansa. Fulani kuwa suna warwatse a tsakaninsu suna kiwo da yardar masu ƙasa. Aikin Buba Yero na farko shi ne haɗa kan waɗannan rugage, ya yi sansani a Ribadu.

Abin da ya biyo baya ba launi ɗaya ba ne, kuma nan ne ya kamata mai karatu ya natsu. Wasu garuruwan Terawa da Bolewa sun ƙulla amana da shi, suka ba da mayaƙa, aka bar musu sarautunsu. Wasu sai da aka gwabza: Kalam ta faɗi, Pindiga ta koma biyan gandu. Mutanen duwatsun kudu kuwa, doki bai hawa inda suke, ba su taɓa shiga hannu gaba ɗaya ba, a zamaninsa ko na 'ya'yansa. Abin da ya shiga tsakani shi ne hare-hare da kamun bayi, shekara da shekaru. Wannan ba magana ce mai daɗin faɗa ba, amma maƙwabcinka ɗan Billiri ko Kaltungo ya ji ta daga bakin kakarsa, kuma yadda za a ba ka labarin a can dabam yake da yadda za ka ji shi a ƙofar fada. Shi ya sa har yau akwai Mai Tangale da Mai Kaltungo da Mai Tula, kowa a kan gadonsa.

Ba da waɗanda ba Musulmi ba kaɗai ya yi ta fama. Da ya so faɗaɗa ƙasarsa yamma, sai ya yi karo da Yakubun Bauchi, wanda shi ma almajirin Shehu ne mai tuta, ga shi kuma Bagere ne ba Bafillace ba. Yakubu ya tare shi, dole ya ja da baya. Wajejen 1824 ya kafa birninsa a bakin Gongola, wanda muke kira Gombe Abba.

Babban tabon da ke cikin tarihinsa na cikin gida ne. Ɗan'uwansa Hammaruwa ne ya buɗe ƙasar Muri a ƙarƙashinsa. Da zargi ya shiga cewa yana shirin ɓallewa, a 1833 Buba Yero ya sa aka kashe shi tare da ɗansa. Mutanen Muri suka kai kuka Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya cire su daga ƙarƙashin Gombe. Abin da ake gudu shi ya faru.

Allah ya yi masa rasuwa a 1841, yana kusa da shekara 80. Ɗansa Sulaimanu ya gaje shi, sannan Muhammadu Kwairanga, wanda ya yi mulki daga 1844 zuwa 1882. Mai son zurfafawa ya nemi aikin Victor Low na 1972, wanda ya tattara tarihin Gombe da Katagum da Haɗeja daga bakin dattawa.

Garin da muke zaune ciki dai Buba Yero bai taɓa ganinsa ba. Turawa ne suka ɗauke hedkwata daga Gombe Abba zuwa Nafada a 1913, suka sake dawo da ita Doma a 1919, zamanin Sarki Umaru. Daga nan cinikin auduga da gyaɗa ya riƙa jawo fatake da 'yan koli da masu sana'a daga ƙasar Hausa, jirgin ƙasa ya iso a 1963, aka ƙirƙiro jiha ranar 1 ga Oktoba 1996. Kabarin Modibbo yana can Gombe Abba, cikin ƙaramar hukumar Dukku. Allah ya jiƙansa.