Janar Murtala Muhammad Da Yaƙin Angola

 Da editan wannan mujalla ya nemi in rubuta tarihin wani bawan Allah da ya riga mu gidan gaskiya, ban daɗe ina tunani ba, domin abin da ya faɗo mini a rai shi ne ranar da malaminmu na tarihi ya zaro takardar Naira 20 daga aljihu, ya ɗaga ta sama, ya tambaye mu ko me mai wannan hoto ya yi. Muka ce ya ƙirƙiro jihohi, ya zaɓi Abuja, aka harbe shi. Ko mutum ɗaya a cikinmu bai ambaci Angola ba, alhali kuwa ita ce ta kai sunansa ƙasashen duniya.

An haifi Murtala Ramat Muhammad a birnin Kano ran 8 ga Nuwamba, 1938. Ya yi firamare a Gidan Makama, ya yi Midil ta Kano, wadda ake kira Kwalejin Rumfa yanzu, sannan ya wuce Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wato Barewa, ya gama a 1957. A shekarar da ta biyo ya shiga soja, aka tura shi Sandhurst a Ingila, ya zama hafsa a 1961 a ɓangaren sadarwa.

Yaƙin farko da ya gani da idonsa ba na gida ba ne. Yana cikin sojojin Nijeriya da suka je Kwango aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, a ƙasar da aka kashe Firayim Minista Patrice Lumumba a 1961, manyan ƙasashe kuma kowa na jan zarensa ta bayan fage. A ganina a nan ne ya fara sanin yadda rikicin 'yan ƙasa ɗaya yake komawa idan baƙi suka sa hannu. Abin mamaki, Janar Aguiyi-Ironsi, wanda ya shugabanci wannan runduna ta Kwango a 1964, shi ne wanda aka kifar da gwamnatinsa aka kuma kashe shi a juyin mulkin Yuli 1966, wanda Murtala na cikin jagororinsa.

A nan tilas in faɗi abin da ba mu cika son faɗa ba mu Kanawa. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, an ba shi Runduna ta Biyu, ya ƙwato Benin daga hannun Biyafara a watan Satumba cikin gaggawa. Amma a watan Oktoba sojojin wannan runduna suka kashe fararen hula ɗaruruwa a garin Asaba, har yau mutanen garin suna taron tunawa da su. Bayan haka ya nace sai ya tsallaka Kogin Kwara da jiragen ruwa ya kama Onitsha, duk da shawarar hedikwata a Legas, aka gwada har sau uku ana asarar rayukan sojoji masu yawa. Sai a Maris 1968 aka shiga garin ta hanyar tudu. Mutum ne mai zuciya, mai yanke hukunci nan take, kuma wannan hali nasa ya jawo alheri, ya jawo hasara.

Da wannan halin ya hau mulki a ƙarshen Yuli 1975, lokacin da Janar Gowon yake taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kampala. Kwanansa kusan 200 ne kacal a kan kujera. Mu ma'aikatan gwamnati ba ma mantawa da ma'aikata fiye da 10,000 da aka sallama a zamaninsa, wasu da laifi, wasu kuwa ba tare da an ji ta bakinsu ba, amma wannan zance ne na wata rana.

To, mu koma Angola. Ƙasar Fotugal ta shirya ba ta 'yanci ran 11 ga Nuwamba, 1975, ga kuma ƙungiyoyi uku masu makami, kowace na neman mulki: MPLA ta Agostinho Neto, wadda Tarayyar Sobiyat da Kyuba ke mara wa baya, da FNLA ta Holden Roberto, mai samun taimakon Amurka da Mobutu na Zayar, da kuma UNITA ta Jonas Savimbi. Matsayin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka shi ne a haɗa su ukun a gwamnatin haɗin gwiwa, Nijeriya ma da farko a kan haka take. Sai a watan Oktoba sojojin gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu suka kutso Angola daga kudu, suna yaƙi tare da UNITA da FNLA. Da labarin ya tabbata a Legas, ran 25 ga Nuwamba gwamnatin Murtala ta sanar da amincewa da gwamnatin MPLA, daga baya ta ba ta gudummawar Dala miliyan 20. Joseph Garba ne kwamishinan harkokin waje a lokacin.

Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na wajejen Dambatta da Makoda da Bichi, inda gona ke jikin gona, ba wani fili da ba mai shi, ya san yadda rikicin iyaka yake. Dagaci yakan zo ya tsaya a kan gambar da ta raba gonakin, ya saurari kowa, ba ya nuna nasa. Amma a ce ɗaya daga cikin masu rikicin ya je ya gayyato mutumin da kowa ya sani da ƙwace gonakin jama'a, ya zo da shi da makami, shin dagaci zai ci gaba da tsayawa a tsakiya? Haka Murtala ya ɗauki lamarin. A wurinsa, shigowar Afirka ta Kudu ta raba gardama.

Shugaban Amurka Gerald Ford ya rubuto wa shugabannin Afirka wasiƙa yana neman kada a amince da MPLA ita kaɗai, kuma a nemi ficewar Sobiyat da Kyuba. Gwamnatin Murtala ta ɗauki wasiƙar a matsayin raini, ta ba 'yan jarida suka buga ta tare da amsa mai zafi. Ran 11 ga Janairu, 1976, ya tsaya a taron gaggawa na shugabannin Afirka a Addis Ababa, ya yi jawabin da ya nuna cewa lokacin da wata ƙasa daga waje za ta zaɓa wa Afirka aboki ko maƙiyi ya wuce, kuma bai kamata a daidaita waɗanda suka taimaki masu neman 'yanci da waɗanda suka goyi bayan 'yan mulkin mallaka ba. An tashi taron ƙasashe 22 na nan, 22 na can. Amma cikin 'yan makonni wasu suka sauya, a watan Fabrairu ƙungiyar ta karɓi Angola ƙarƙashin MPLA.

Shin ya yi daidai? Da muna jami'a mun sha yin musu a kan wannan. Ni dai ra'ayina, a kan abin da ke gabansa a 1975, ya yi daidai. Da gwamnatin da Afirka ta Kudu ke so ce ta zauna a Luanda, da 'yan gwagwarmayar Namibiya ba su sami mafakar da suka samu a Angola ba har suka kai ga 'yanci a 1990. Sai dai kada mu ruɗi kanmu mu ce ya kawo zaman lafiya. Amincewa da gwamnati daban, kwance ɗamarar mayaƙa daban. Savimbi ya koma daji, Afirka ta Kudu ta ci gaba da ba shi makamai, Amurka ma ta dawo da taimakonta a tsakiyar shekarun 1980. Aka yi sulhu a 1991, aka yi zaɓe a 1992, Savimbi ya ƙi yarda da sakamakon, wuta ta sake tashi fiye da da. Talakan Angola, manomi irin iyayenmu, shi ya sha wuya, domin an binne masa nakiyoyi a gona, ya fita noma ya dawo ba ƙafa.

Murtala bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ran Juma'a 13 ga Fabrairu, 1976, da safe yana kan hanyar ofis a Legas cikin cunkoson motoci, ba jerin gwanon masu tsaro, sojojin da ke tare da Laftana Kanar Buka Suka Dimka suka buɗe wa motarsa wuta. Ya rasu yana da shekara 37, aka kawo gawarsa Kano aka yi masa sutura. Wata ɗaya da kwana biyu ke nan bayan jawabin Addis Ababa.

Yaƙin Angola kuwa bai tsaya ba sai da aka kashe Savimbi a Fabrairu 2002, aka sa hannu a kan tsagaita wuta a watan Afrilu, shekara 26 bayan rasuwar Murtala. A wannan shekarar ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta tura wani ɗan Nijeriya, Farfesa Ibrahim Gambari, ya zama wakilinta a Luanda don a ƙarasa aikin sulhun. Allah ya jiƙan Janar Murtala, ya gafarta masa kurakuransa, ya jiƙan malamanmu da abokan karatunmu da suka rigaye mu, amin.